Minti da Awa

Da ɗan ƙarfen da yake tsinko kusoshin agogo Mai Agogo yake ba Awa abinci. Sai ya jiƙa ƙwayar abincin ta yi laushi, ya nutsa hannu har gwiwa cikin akwatin gilashin, ya ajiye ta daidai gaban gashin bakin kifin. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye cokali a gidansa ba, yau shi ne mai ba kifi abinci a baki.

A da su biyu ne a akwatin, kifaye masu ratsin baƙi da ruwan lemo, irin masu kiwo a ƙasan ruwa. Dogon ya sa masa Minti, gajeren Awa. Tare suka tsufa, inda ɗaya ya sa kai nan ɗayan yake sa wutsiya. Shi kuwa maigidan ganin safe da na yamma kawai yake yi musu, don wuni yake a shago yana yi wa masu kawo gyara faɗa. Karatunsa ɗaya ne, kowa ya haddace: agogon da ya tsaya ba mutuwa ya yi ba, a girgiza shi tukuna kafin a jefar.

Ranar da aka rasa Minti, mura ce ta hana shi fita, abin da ya daɗe bai faru ba. Matarsa ta tafi gaida yayarta tun da safe. Da hantsi ya fito falo ba tabarau, ido na ruwa, sai ya hango Minti kwance a gefe ɗaya kan yashi, ciki a waje, ko motsi babu. Hankalinsa ya tashi. Ya kwashe shi da raga cikin sauri don kada Awa ya farga, ya naɗe shi a hankici yana kau da kai. Hannunsa rawa yake yi sosai, har hankicin na neman suɓuce masa. A tukunyar fulawa ta baranda ya binne shi, ya danne ƙasar da kyau.

Kafin matar ta dawo ya gama bincike, ya yanke hukunci. Jiya da yamma ta fesa maganin sauro a falo. Ya yi mata wankin babban bargo tun daga bakin ƙofa. Ba ta ga gawa ba, ba ta kuma yi musu ba. Haƙuri ta bayar, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, domin ita ma tana son kifayen nan.

Daga ranar falo ya zama asibiti. An hana feshi, an hana turare, an hana ɗaga labule. Taɓa gilashin kuwa babban laifi ne. Awa ya daina fitowa daga cikin fasasshen tulun da yake ɓuya, ya rame, ratsinsa ya koɗe. Mai Agogo ya sayo masa ƙananan abokai, Awa ya ƙi kallonsu, aka mayar da su. Ya canja yashi, ya rage ƙarfin fitila, yana auna ɗumin ruwa kamar mai jinyar jariri. Tsoronsa ɗaya, kada kewa ta kashe masa wanda ya rage.

Matar kuwa ta zama baƙuwa a gidanta. Sauro ya samu gari, yana cizonta tana shiru. In ta kawo shayi, sai ya ce ta ajiye can, nesa da akwatin. Maganarsu ta koma ta gaisuwa da ta cefane. Abin yana cin ta, shi kuma yana ganin adalci yake yi.

Sannu a hankali Awa ya fara fitowa, ya fara ci, har ya ɗan yi ƙiba. Mai Agogo ya riƙa ba abokan shago labari yana buga ƙirji, wai kifi sai wanda ya san kansa.

Ran nan ya manta tabaraunsa na aiki, ya dawo gida da hantsi. Yana shiga falo ya dubi akwatin. Ga Awa can kwance a gefe ɗaya kan yashi, ciki a waje. Ya ƙwala wa matar kira da muryar da ba ta taɓa ji ba.

"Me kika fesa kuma?"

"Ni da ko ashana ba na ƙyastawa a falon nan, Malam?"

Ya ɗauko raga, ya zaro hankici, hawaye na bin gemunsa. Ita kuwa ta leƙa akwatin, ta dube shi da mamaki. Sai ta yi abin da aka haramta mata, ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta. Awa ya zabura, ya miƙe, ya kaɗa gashin baki, ya wuce cikin tulunsa kamar wanda aka ɓata wa rai.

"Barci fa yake yi, Malam," ta ce. "Kullum da hantsi haka yake shemewa in ka tafi shago. Da can ma su biyun haka suke yi, Minti ya ma fi shi nauyin barci." Ta juyo ta dube shi. "Wai shi Minti, a yaya ka same shi ranar?"

Mai Agogo ya juya. Tukunyar fulawa yake kallo ta taga, sannan ya sunkuya ya kalli hankicin da ke tafinsa. Zuciyarsa na dukan uku-uku fiye da na wancan karon, amma hannun tsaye yake cak, hannun mai gyaran agogo da bai taɓa rawa ba a rayuwarsa. Ashe ranar da ya naɗe Minti ma ba hannunsa ne yake rawa ba, abin da ke cikin hankicin ne yake motsi.