Ragon Aro

Kyamara ɗaya, fitilu biyu, wuƙar roba, galan ɗin zoɓo, da ragon da gwaggona Meram ta ara mini, in dawo mata da shi kafin magariba. Da su muka kama hanyar Chinade daga Azare.

Shekara huɗu na yi a waje ina karatun fim, na dawo da doka ɗaya: ba a kashe dabba a fim ɗina. Raɗin suna za mu ɗauka, zoɓo ne zai tsaya a madadin jini.

Malam Zarami ya ba mu ƙofar gidansa, ya ce a yi da jaririnsa, har limamin unguwa ya kira mana. Maƙwabta suka cika tabarmi. Liman ya yi addu'a, ya raɗa wa yaro Khalil, sunana. Aka goga wuƙar roba a wuyan rago, aka kwarara zoɓo. Ɗauka ɗaya muka yi.

Muna haɗa kaya sai ga Malam Zarami da wuƙa ta gaske.

"Darakta, Allah ya saka da alheri. Yau kwanansa bakwai cif."

"Malam, ai wasa ne."

Liman ya ce, "Ni ban iya wasa da Fatiha ba, ɗana. Suna ya raɗu. Takwaranka za ka bari ba rago?"

Na dubi ragon gwaggo, yana lasar zoɓo.

Na shiga mota na rufe ƙofa, na leƙo ta taga na ce wa mai ɗaukar hotonmu, "A yanka. Amma mayar da kyamara cikin jaka tukuna. A fim ɗina ba a kashe dabba."