Ƙwanƙwasa Uku

Shekara arba'in da ɗaya Anselmo Quiroga yana kashe rediyo duk sanda aka sa waƙar "Ruwan Barracas".

Shi ne makaɗin jitar ƙungiyar da ta yi waƙar a 1969. Ranar ɗaukar waƙar a Buenos Aires, ya ƙwanƙwasa zobensa sau uku a jikin jita, kamar yadda ya saba kafin ya fara, sannan ya yi kiɗan tsakiyar waƙa. Mai kamfanin faifan ya yamutsa fuska. Anselmo ya yi zuciya ya fice.

Da faifan ya fito, sai ya ji baƙon kiɗa a gurbinsa: wani sauti mai jan numfashi kamar kukan da ake haɗiyewa, ya ƙare da ƙwanƙwasa uku. Ba a rubuta sunan makaɗin ba. Gari ya ɗauka. Samari suka yi ta kwaikwayo, babu wanda ya iya.

"Har ƙwanƙwasata ya ara don ya yi mini ba'a, ɗan banza," in ji Anselmo.

Shi ma ya gwada a ɓoye, wata shida, yatsunsa suka ƙi. Ya sayar da jitar, ya koma gyaran agogo a Lanús. Mutum biyar ya zarga da yin kiɗan. Biyu sun rasu, bai je jana'izarsu ba.

Da za a sake fitar da waƙar, Hipólito, wanda ya riƙe na'urar ɗauka a ranar, ya kira shi. Ya tarar da tsohon a gaban tef biyu, ɗaya na waƙar, ɗaya na jita kaɗai.

"Ka ƙara muni, mai agogo," in ji Hipólito.

"Kai ma ba ka gyaru ba. Faɗa mini sunansa kafin ɗayanmu ya mutu."

Hipólito ya daɗe yana shafa tef ɗin jitar. "Ranar nan sauri nake. Na ɗora wannan ban mayar da shi farkonsa ba, sai kiɗan ya fito a juye, daga ƙarshe zuwa farko. Mai kamfani ya ji, ya ce in bar shi haka, in kuma rufe bakina."

Ya juya tef ɗin, ya danna.

Ƙwanƙwasa uku suka fara fitowa, sannan kiɗan ya biyo baya a miƙe, Anselmo kuwa ya zauna yana sauraron yatsunsa na ɗan shekara ashirin da biyu.