Dawar da ke Rataye Bisa Murhu

Mai karatu, Ɗan'azumi marini ne a cikin ganuwar Kontagora, tun kafin zuwan Turawa. Hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, amma bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma da haka yake taƙama. Duk kaka abokinsa Dogo, manomi a wani ƙauye kusa da Beri, yakan kawo masa dawa a kan jaki, shi kuma ya ba shi zannuwa. Nono kuwa Fulanin rugar Gidaɗo ke kawowa gari. Bayan girbi sukan sauka a gonakin ƙauyen, shanu su ci kara su bar taki, manoma su ba su hatsi.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi wuya. Ana tsakar bazara Kubura, matar Ɗan'azumi, ta haifi ɗa namiji, bayan shekara tara tana jira. Ɗan'azumi ya rantse sai ya yi sunan da unguwa za ta daɗe tana zancensa. Ya saɓa rinannun zannuwan turkudi biyu ya nufi ƙauye neman hatsi.

Bai tarar da Dogo ba, ya tafi farauta, rumbu kuma ya kusa ƙasa. Da ya leƙa ɗakin girki sai ya hango zangarniyoyin dawa manya-manya rataye bisa murhu, hayaƙi ya baƙanta su. Gogan naka ya yi dariya, wai mutanen ƙauye ba su san darajar abinci ba.

Larai, matar Dogo, ta tare ƙofa ta ce, “Malam, wannan ba na ci ba ne, iri ne. Hayaƙin ne ke hana ƙwari shiga.”

Ya ce ai dawa dawa ce, in damina ta zo sa sami wata. Ya shimfiɗa mata turkudin, ya tuna mata shekarun abota, ya yi ta magiya har kunya ta sa ta kauce, ya kwashe dawar. Abin takaici, da ya dawo sai ya ba ’yan marina labarin dawar banza da ke rataye a ƙauye. Su ma suka ɗebi zane da gishiri, suka bi ƙauyen gida gida suna musayar iri.

Aka yi suna, yaro ya ci sunan Nuru, aka ci tuwo har aka zubar.

Ruwa ya sauka, Dogo ya gyara gona, babu abin shukawa. Ya nema wurin maƙwabta, ya tarar da yawancinsu halinsu ɗaya. Ya kwashe iyalinsa ya tafi ƙwadago Dukku, sauran ma suka watse. Da kaka Gidaɗo ya zo, ba kara, ba mai ba shi hatsi, ya wuce da shanunsa.

Bazarar da ta biyo hanyoyi suka lalace da hare-hare, aka riƙa rufe ƙofofin gari. Fita ba hali, a ciki ba abinci. Ɗan'azumi ya zagaye kasuwa da zannuwa a kafaɗa, ba wanda ya musanya masa ko da mudu guda. Kubura ta koma shan garin kuka da ruwa, nononta ya ƙafe. Kullum da safe yakan hau ganuwa ko zai hango Bafulatana ɗauke da ƙwarya, ya sauko bai ga kowa ba.

Nuru ya rasu ranar wata Laraba da hantsi. Ɗakin cike yake da zannuwa, amma duk rinannu ne, sai wurin maƙwabci aka roƙo farin ƙyallen da aka yi masa likkafani.

Da aka dawo daga maƙabarta Kubura ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Maigida, abincinsa na bana muka cinye ranar sunansa.”

Jama'a, ba a cikin ganuwa ake noma abin da birni ke ci ba. Duk ɗan birnin da ya raina aikin manomi da makiyayi har ya taɓa musu iri, abincin ’ya’yansa na baɗi ya taɓa.