Ƙwai Bakwai a Ƙarƙashin Kazar Inna

Ban yi boko mai nisa ba, amma bambancin ƙwan tsuntsu da na maciji a ɗakin Inna na koye shi, ina ɗan shekara takwas.

Na tsinto ƙwai bakwai a gonarmu ta hanyar Bangi, na zaci na zabuwa ne, na sa wa kazar Inna da ke kwanci bayan gado ta ƙyanƙyashe mana. Da la'asar Baba ya ga kazar ta ƙi komawa ɗaki. Ya shiga, ya danna ƙwai ɗaya da yatsa. Ya lotsa kamar fata.

"Kai yaro, ƙwan tsuntsu fashewa yake yi. Wanda ya lotsa, mai jan ciki ne ya saka shi." Ya yi ƙasa da murya. "Nawa ka kawo?"

"Bakwai, Baba."

Shida ne cike. Na bakwai ya tsage, ba komai ciki. Ƙanwata kuwa tana barci a gadon.

"Kada ka motsa," in ji Baba.

Ya lallaɓa ya ɗauko ta lafiya. Muka kwashe kayan ɗakin kaf, ba mu ga abin ba.

Na haura hamsin, har yau ba na kwanciya sai na haska ƙarƙashin gado.