Mai Ganga Bahago

Da fim ɗin ya kai inda aka kori mai ganga daga ƙungiyar, gidan kallon ya cika da shessheƙa. Wani tsoho dai a cikin 'yan kallo hamma ya yi. Shi aka kora, shekara arba'in ke nan, kuma ranar ba wanda ya ce masa ko sannu.

'Yarsa ta taɓa shi. "Baba, in an kunna fitila, ka tashi ka ce kai ne."

Ya so hakan, ba ƙarya. Da waƙar ƙarshe ta tashi, bai ankara ba hannunsa na hagu ya soma bugun kujera.

Matar da ke gefensa ta juyo, fuska sharkaf da hawaye. "Haba Baba! Bawan Allahn nan ya sha wuya, kada ka ɓata masa kiɗa. Kuma da hannun dama yake bugawa, ba ka gani?"

Ya dubi allon. Da dama ɗan wasan ke bugawa, kuma shi suke so.

Aka kunna fitila. Tsohon ya cusa hannun a aljihu.

"Mu tafi," ya ce wa 'yarsa. "Bayana ya yi tsami."