Wata Uku a Kujerar Manjo

Kyaftin bai taɓa jingina da kujerar ba. A bakinta yake ɗosana zama, kamar baƙon da ke jiran a ce masa ya tashi. Kujerar ta Manjo ce, kwamandan rundunar, wanda mota ta kife da shi a hanyar atisaye, aka kwantar da shi a asibitin bariki da karayar ƙafa. Tun ranar aka ce Kyaftin ya riƙe.

Riƙon ƙwarya kuwa yana raba mutum da mutane. Abokan da yake shan shayi da su sun koma sara masa, da ya shigo hira ta mutu. Manya kuma ba su ɗauke shi nasu ba. A gida babu mai yi masa sannu da zuwa, don matarsa tana can wani gari da 'yarsu da ke jiran a yi mata aiki a zuciya. A tsaye yake cin abinci, cikin tukunya, rediyo na ta surutu shi kaɗai.

Mai biyan albashi ne ya warware masa dokar.

"Yallaɓai, wanda ya riƙe muƙamin na sama da shi yana da alawus, amma sai ya cika wata uku a jere. In mai kujera ya dawo, ko da ana gobe cikawa ne, to ka yi aikin lada."

Alawus ɗin nan shi ne cikon abin da asibitin yarinyar ke nema. Daga ranar Kyaftin ya fara jin kunyar kansa. Manjo ne ya raine shi tun yana sabon hafsa mai rawar kai, shi ya tsaya masa a ɗaurin aurensa. Ga shi yanzu in an ce ƙafar Manjo da sauƙi, sai gabansa ya faɗi.

Duk ƙarshen mako yakan je dubiya, kuma bai taɓa tarar da kowa a wurin ba. Matar Manjo ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Mutumin da a ofis ko zaman kirki ba ya iya yi, yau ga shi kwance yana ƙirga silin. Sandarsa ta dogarawa tana jingine can bayan ƙofa, inda hannu ba ya kaiwa, Kyaftin ya yi tsaki a ransa kan sakacin ma'aikata. Ya ture takalman Manjo masu laka zuwa ƙarƙashin gado, ya ja kujera.

"Yaya jikin, yallaɓai?"

"Da saura. Yaya 'yata ta wajenka? Yau ma nawa ga wata?"

Kullum tambayar ke nan. Ko da aka cire sunan Manjo daga kwas ɗin ƙarin girma na bana saboda jinya, kafaɗa kawai ya ɗaga, ya juya ya fuskanci bango. Kyaftin ya fito tausayi ya cika shi, amma a can ƙasan tausayin akwai wani sanyi da ya tsani ya ji.

A makon ƙarshe magana ta zagaya bariki cewa Litinin Manjo zai dawo. Kyaftin ya kasa cin abinci. Duk motar da ta tsaya a waje sai ya leƙa ta taga. Matarsa ta kira, ya kasa gaya mata, ya ce aiki ne ya yi yawa. Litinin ta wuce, Talata ta bi ta, ƙofa ba ta buɗe ba.

Ranar da wata ukun ya cika, mai biyan albashi ya leƙo yana washe baki. Kyaftin ya kira matarsa, ta fashe da kuka a waya. Shi kuwa murnar ta ƙi zama, sai ya sayi lemo ya nufi asibiti.

Gadon babu kowa. An naɗe zanin, takalman ba sa nan, sandar kuwa tana inda take a bayan ƙofa. Ya tari wata nas a baranda.

"Ina aka kai shi?"

"Wa zai kai shi? Da ƙafarsa ya fita ɗazu," ta ce tana dariya. "Ai tun watan jiya ya warke, yallaɓai, kullum da safe sai ya zagaya bayan asibiti da gudu. Shi ya roƙi likita a bar shi a kwance, wai akwai wani yaronsa da bai cika wata uku ba."