Tseren Nawaf na Farko

Nawaf ya sha kwanar ƙarshe, ya riga kowa tsallake layi. Tserensa na farko ke nan da manyan direbobin duniya, kuma a gida, Bahrain.

Ya diro daga mota ya ruga wajen mahaifinsa. "Baba, na ci! Ka gani?"

Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan hayaƙin da ya turnuƙe kwanar, makanikai kuwa sai salati suke yi.

Sai aka dafa kafaɗarsa. Yana waiwayawa ya ga yayansa Jasim, wanda suka binne bara, sanye da kayan tsere.

"Taho, auta," in ji Jasim a hankali. "Ni ma ranar ca nake na ci."